Filin Lambu: Helebo ta yi fure tun sanyi bai kankama ba

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna Turai da Amurka suka zo, kuma duk a kan shuka ɗaya, wato helebo, wadda za ku ga an rubuta Helleborus a jikin tukunyarta. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, gajeruwar shuka ce da ba ta cika wuce gwiwa ba. Ganyenta kauri gare shi kamar fata, a rarrabe kamar yatsun hannu. Tana shekara da shekaru a wuri guda, kuma takan yi fure a tsakiyar sanyi, lokacin da sauran lambu ya koma kamar kufai. Tana da jinsi wajen 20, asalinsu duwatsu da dazuzzukan Turai da wasu sassan Asiya, mafi yawansu a yankin Balkan.

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan da na dasa helebo guda biyar a bayan gida. Kullum sai tsakiyar Fabrairu suke buɗewa, amma bana tun makon farko na Disamba na ga furanni. Sanyi bai yi ƙarfi ba, ruwa dai ake ta yi. Ciwo ne ya kama su? In sanyin gaske ya sauko a Janairu, mutuwa za su yi? Daga wata uwargida a Leeds, Ingila.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, lafiyarsu ƙalau. Furen da kike gani yau ba jiya aka fara shi ba. Tun ƙarshen Agusta zuwa Oktoba helebo take ƙulla furanninta a gindi, daidai bakin ƙasa. Da kin buɗa ganyen a Nuwamba kin duba, da kin gan su a dunƙule kamar 'ya'yan gyaɗa, suna jira. Sanyi ne yake riƙe su. Muddin ƙasa ta yi sanyi sosai, karan furen ba ya tsawo sai kaɗan-kaɗan. Idan kuwa aka yi mako biyu ko uku ana kwana a digiri 7 ko 8 na ma'aunin Celsius, ana wuni a 11 ko 12, ba abin da zai hana su miƙewa. Haka aka gani a Disambar 2015, wadda ita ce Disamba mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Birtaniya, matsakaicin yanayinta digiri 7.9, sama da digiri 4 fiye da abin da aka saba. A shekarar, furannin da ake jira a Fabrairu da Maris sun buɗe tun kafin Kirsimeti.

Ki kuma duba takardar da ta zo da su in tana nan. Wadda aka rubuta wa Helleborus niger, wato wadda Turawa ke danganta wa da Kirsimeti, dama mai sammako ce, kuma ire-irenta kamar 'Praecox' da 'Jacob' tun Nuwamba suke farawa ko da sanyi ya zo yadda ya saba. Wadda aka rubuta wa Helleborus x hybridus ko orientalis ita ce ta Fabrairu zuwa Afrilu. Tunda kin ce Fabrairu suka saba, muna kyautata zaton wannan ce taki, kuma ta riga lokacinta da kamar mako takwas zuwa goma.

Batun sanyin Janairu kuwa, ga abin da za ki gani. Wata safiya za ki fito ki tarar raɓa ta daskare, helebo duk sun kwanta a ƙasa tiɓis, karan ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Kada ki taɓa su, kada ki ɗaga su, kada ki ba su ruwa. Dabara ce ta shukar: takan janye ruwa daga cikin ƙwayoyin jikinta don kada ƙanƙara ta fasa su, shi ya sa karan ke rasa ƙarfi. Da hantsi ya yi, yanayi ya haura sifili, ruwan ya koma, sai ki ga sun miƙe kamar ba abin da ya faru. Wanda ya lanƙwasa daskararren kara da hannu shi ne ya karya shi.

Gindin shukar da saiwarta suna jure sanyin da ya ninka na Leeds. A Amurka ana nomanta a wuraren da ake kaiwa digiri 25 ƙasa da sifili. Abin da zai iya lalacewa shi ne furen da ya riga ya buɗe. Digiri 3 ko 4 ƙasa da sifili ba ya yi masa komai. Amma idan masu hasashen yanayi suka ce za a kai 7 ko 8 ƙasa da sifili, ga busasshiyar iska daga gabas, irin wadda ta taso daga Saiberiya a ƙarshen Fabrairun 2018, to ki rufe su. Ki sayi farin mayafin lambun nan marar nauyi, ki ninka shi biyu, ki kafa 'yan sanduna huɗu a kewaye don kada ya danne furen, ki danne gefensa da bulo. Tsohon zanin gado ma ya yi. Leda ce ba a so, domin tana tara gumi, duk inda ta taɓa fure kuma nan zai ƙone. Da safe in gari ya sake ki yaye. In dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe su, ki bar musu abinsu, bargo ne. Ko da wasu furannin sun yi baƙi, ki yanke su daga tushe. Helebo ba ta fitar da furanninta duka lokaci ɗaya, akwai na baya suna tafe.

Inda gizo ke saƙar shi ne damshin da kika ambata a wucewa. A hunturu mai ɗumi da yawan ruwa, abin da ke kashe helebo ruɓa ne. Ki tsuguna ki duba gindin kowace ɗaya. Idan kin ga kara ya yi ruwan ƙasa daga tushe, ya yi taushi, da wani toka-tokan gashi a jikinsa, funfuna ce. Ki cire shi da duk wani mataccen ganyen bishiya da iska ta tara a tsakiyar shukar, don iska ta riƙa ratsawa. Ki leƙa cikin furannin da bayan ganye, za ki iya samun 'yan koren ƙwari masu tsotsar ruwan shuka, dangin waɗanda ke kawo darɓa a gonar dawa da wake. A shekarar da aka yi sanyin kirki sukan ragu sosai, a irin wannan shekarar kuwa haihuwa suke ta yi. Ki murje su da yatsa ko ki fesa musu ruwan sabulun kashe ƙwari da ake sayarwa don lambu, da yamma, bayan ƙudan zuma sun tafi. Dodon-koɗi, da ɗan'uwansa marar kwanso, su ma ba sa barci a irin wannan yanayin, su ne masu huda ƙullin fure tun bai buɗe ba. Fita da tocila bayan isha'i a tsince su ya fi kowane magani aiki a kan gindi biyar.

Taki kuma ki dakata da shi. Ba shi ya jawo furen da wuri ba, zuba shi yanzu sai dai ya tsiro da sabon ganye mai taushi wanda sanyi zai ƙone.

Ganyen helebona duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Maƙwabcina ya ce a aske ganyen duka a Disamba. Bara na bi maganarsa na aske su kaf, wasu suka yi fure da kyau, amma manyan guda biyu masu ganye kamar zarto ko fure ɗaya ba su yi ba. Ina kuskuren yake? Daga wani magidanci a Birmingham.

Malam, maƙwabcinka ya faɗi rabin gaskiya. Helebo gida biyu ce, kuma almakashi bai kamata ya yi musu hukunci ɗaya ba.

Gida na farko su ne waɗanda ganyensu da karan furensu kowanne daga ƙasa yake fitowa daban, wato hybridus da orientalis. Waɗannan a yanke tsohon ganyensu daga tushe a ƙarshen Disamba ko cikin Janairu, da zarar ƙullin fure ya taso kamar tsawon ɗan yatsa. A shekara mai ɗumi sai a matso da aikin gaba, domin abin dubawa tsawon ƙullin ne. A bi ganye ɗaya-ɗaya da hannu har ƙasa kafin a datse, saboda sabon karan fure yana cakuɗe da su kuma yankan ganganci yakan haɗa da shi. Sabon ganye zai fito bayan furen.

Gida na biyu su ne masu kara tsayayye da ganye a jikinsa, furen kuma a can ƙolin karan yake fitowa. Mai ganye kamar zarto da ka kwatanta ita ce Helleborus argutifolius, 'yar tsibiran Kosika da Sadiniya. 'Yar'uwarta a wannan gidan ita ce foetidus, mai siraran ganye da 'yan koren furanni kamar ƙararrawa. Karan da ya tsiro bana shi zai yi fure baɗi. Da ka aske shi a Disamba, furen shekarar ka zubar gaba ɗaya. Irin waɗannan sai sun gama fure, wajen Mayu, sannan a sare tsohon karan daga ƙasa, a lokacin za ka ga sababbi sun riga sun taso a gefensa. Ita kuwa niger, a cire mata ganyen da ya lalace kawai, a bar mai lafiya.

Sai batun baƙin ɗigo, kuma a nan muna so ka duba da kyau, domin ciwo biyu ne masu kama da juna, ɗaya na sauƙi, ɗaya na ajali. Idan tabon zagayayye ne, ruwan ƙasa zuwa baƙi, wani lokaci da zobe-zobe a cikinsa, har tsakiyarsa ta bushe ta ɓule, to funfunar ganyen helebo ce. Ruwan sama ne yake fantsama ta daga tsohon ganye zuwa sabo, shi ya sa ta fi yawa a hunturu mai ruwa, shi ya sa kuma ake aske tsohon ganyen tun farko. A kwashe duk abin da aka yanke a zuba a shara. Kada a sa shi a ramin taki, don can zai kwana ya dawo.

Idan kuwa baƙin zane-zane ne da ke bin jijiyoyin ganye kamar raga, yana gangarowa jikin kara har cikin furen, sabon toho kuma ya fito a murɗe, a tsumbure, yana karyewa kamar busasshen abu, wannan ita ce cutar da masu lambu a Ingila suke kira baƙar mutuwa. Bairos ne ke kawo ta, kuma ƙwarin nan masu tsotsa ne ake ɗauka suna yaɗa ta daga shuka zuwa shuka. Ba ta da magani. A tone shukar da saiwarta duka, a ƙulle a leda a jefar, a goge almakashi da shebur da ruwan bilic da aka sirka, kashi ɗaya cikin goma. Mun san da ciwo a tumɓuke gindin da ya shekara bakwai, amma barinsa na nufin rasa sauran.

Ni ɗan Nijar ne mazaunin Brussels. An ba matata kyautar tukunyar fure fari tas, an rubuta Helleborus niger. Na yi murna na ce furen ƙasarmu ne. Muka ajiye shi a falo, kwana shida ya yi yaushi, ganyen ya koma rawaya. Daga Nijar aka kawo shi? Me ya kashe shi?

Ɗan'uwa, sai dai mu ba ka haƙuri, ba ta da dangi a Zinder ko Maraɗi. Kalmar niger a Latin baƙi take nufi, kuma saiwar shukar ce baƙa, ko da yake furen fari ne. Gidanta duwatsun Alps ne da na Italiya da arewacin Balkan.

Zafin falo ne ya kayar da ita, amma da wuya a ce ta mutu. Shukar da aka halitta ta yi fure cikin ƙanƙara ba za ta iya da ɗaki mai digiri 21 da busasshiyar iskar hita ba. A cikin gida ba ta wuce kwana uku zuwa biyar, shi ma a wuri mafi sanyi, nesa da hita, a riƙa fitar da ita da dare. Yanzu ka cire takardar ado ko ledar da aka naɗe tukunyar da ita, don ruwa na taruwa a ciki saiwa ta ruɓe. Ka yanke furen da ya yi yaushi da ganyen da ya yi rawaya. Ka kai ta wuri mai sanyi da haske wanda ba ya daskarewa, kamar bakin tagar matakala ko gareji, ta yi mako ɗaya ko kwana goma, sannan ta koma baranda a jikin bango. Fitar da ita kai tsaye daga falo zuwa daren ƙanƙara shi ne zai ƙarasa ta. Ruwa sai ka tsoma yatsa ka ji saman ƙasar ya bushe.

In a tukunya za ta zauna, a Maris ka sauya mata mai zurfi, aƙalla santimita 30 zuwa 40, domin saiwarta ƙasa take nutsawa. A haɗa ƙasar tukunya kashi uku da ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, a ɗora tukunyar a kan 'yan duwatsu don ruwa ya riƙa fita. Ka tuna saiwar da ke cikin tukunya ba ta da kariyar da ta cikin ƙasa take da ita. In an yi kwanaki ana daskarewa, a naɗe jikin tukunyar da buhu ko tsohon bargo.

Shekara uku ina da helebo, ganye kore shar, amma fure ko ɗaya. Ga na maƙwabta har sun buɗe saboda ɗumin bana. Daga wata 'yar'uwa a Maryland, Amurka.

'Yar'uwa, abu huɗu ne ke jawo haka, kuma za mu fara da wanda ya fi yawa. Ki tone ƙasar gindin da yatsa a hankali ki nemo inda kara ya haɗu da saiwa. Bai kamata ya nutse fiye da santimita 2 zuwa 3 ba, wato kamar inci ɗaya. Da yawa sukan dasa ta da zurfi, ko kuma kowace shekara a zo a tula mata ɓawon itace a kai har gindin ya binne. Helebo da aka binne za ta yi ta ganye, fure kuwa babu. In haka ne, ki janye abin da ya rufe ta yanzu. In dashen ne ya yi zurfi, ki jira Satumba ki tono ta da ƙasarta ki ɗaga ta.

Na biyu inuwa. An cika cewa shukar inuwa ce, sai mutane su kai ta ƙarƙashin itacen da ba ya kaɗe ganye, inda rana ba ta leƙawa duk shekara. Abin da take so shi ne gindin itacen da ke zubar da ganye, ta sha hasken hunturu, ta samu inuwa a zafin Yuli da Agusta. Na uku takin ciyawar tsakar gida. In ana watsa shi kusa da ita, yawan naitirojin ɗinsa ganye yake ginawa. Na huɗu ƙuruciya: in ƙaramin tsiro aka ba ki, yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, wani har huɗu, kafin furen farko.

Tunda wasu ma sun tambaya, ga yadda ake dasa ta daga farko. Lokacin da ya fi shi ne Satumba zuwa Oktoba, sai kuma Maris zuwa Afrilu. A haƙa rami mai zurfi da faɗin santimita 40 zuwa 45, a cakuɗa ƙasar da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen ganye ko taki da ya huce sarai. In ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, a ƙara tsakuwa, a kuma ɗan tayar da wurin kamar kunya, domin helebo tana jure fari in ta kafu amma ba ta jure kwanciyar ruwa a gindinta. A bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi. In saiwar ta nannaɗe a cikin tukunya a warware ta da yatsu. Ba ta son ƙasa mai tsami sosai, musamman niger, wadda a duwatsun farar ƙasa ta tashi. Ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, daga 6.5 zuwa 7.5 ya yi mata daidai. A shekarar farko a riƙa ba ta ruwa sosai sau ɗaya a mako in ba a yi ruwan sama ba.

Ciyarwa sau biyu ta isa. Bayan fure, a Afrilu, a barbaɗa takin gama-gari giram 50 zuwa 70 a kowace murabba'in mita, kimanin cikin tafin hannu guda. A ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da take ƙulla furen baɗi kuma sabuwar saiwa ke fita, a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 a kewaye, a bar tsakiyar a buɗe. Wanda ya bar ta da ƙishirwa a wannan watan, a Fabrairu zai ga sakamakon.

Yayana da ke Scotland zai aiko mini da irin helebo. Jos akwai sanyi, har tuffa da strawberry ake nomawa. Za ta yi? Yaya ake shuka irin? Daga wani mai lambun furanni a Jos.

Malam, ba za mu sa maka rai ba. Sanyin Jos sanyi ne a wajen mutumin Kano, amma a wajen helebo ko kusa bai kai ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, da daren hunturu akan yi sanyi mai ratsa ƙashi, amma da rana ta ɗaga sai zafi ya dawo. Ita kuwa tana buƙatar makonni a jere ƙasa tana sanyi dare da rana, ƙasa da digiri 7 ko kusa da haka. Sannan sanyinku da rani yake zuwa, lokacin da ba ruwa, damina kuma ta zo da ɗumi da ruwa mai yawa, wanda shi ne abin da ya fi ruɓar da gindinta. Ko Mambila da ta fi Jos tsayi ba ta da irin wannan hunturun. Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa ba a ma magana. Mai son fure a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, yana da shukar kariya a gida, wadda ke fitar da jan furenta a kan rassa tsirara ba ganye, kuma ba ta neman komai sai rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa.

Ga yayanka da sauran masu lambu a can, irin helebo sabo ake shuka shi. Kwanson yakan nuna a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma da ya fara tsagewa 'ya'yan za su zube, tururuwa su kwashe, don akwai wani ɗan farin nama mai maiƙo a jikin ƙwayar da suke so. Shi ya sa ake ganin tsiro a inda ba wanda ya shuka. A ɗaura wa furen 'yar jakar yadi mai shara-shara kafin ya fashe. A shuka a Yuni ko Yuli, a tukunya, tazarar santimita 2 zuwa 3, a rufe da ƙananan tsakuwa mai kaurin santimita 1, a ajiye a waje cikin inuwa, kada a bari ta bushe, a kuma rufe da wayar raga saboda ɓera. Ƙwayar sai ta sha ɗumi na wata biyu zuwa uku cikin damshi, sannan sanyi ya biyo baya, kafin ta tsiro, galibi tsakanin Disamba da Fabrairu. Irin da ya bushe a ambulan ya yi watanni yakan yi barci mai nauyi, ya ɗauki shekara ɗaya ko biyu, ko ya ƙi gaba ɗaya.

'Ya'yan hybridus ba sa ɗauko kamannin uwa sak, domin ƙudan zuma sun riga sun gauraya su. Mai son ainihin launin da yake da shi sai ya raba gindin. A Satumba a tono shi duka, a wanke saiwar da ruwa don a ga idanun, a yanka da wuƙa mai kaifi, kowane yanki da ido uku ko fiye da saiwarsa, a dasa nan take. Takan yi fushi shekara ɗaya kafin ta koma fure. Masu tsayayyen kara ba a raba su, ta iri ake samun su.

An ce guba ce. Ina da yara ƙanana da kyanwa. In tumɓuke? Daga wata uwa a Toronto, Kanada.

Guba ce, daga saiwa har fure. Tana ɗauke da sinadaran da ke ƙona baki da ciki, su jawo amai da gudawa, da kuma wasu da ke taɓa bugun zuciya. Tsoffin marubutan Girka sun ba da labarin cewa da ita aka gurɓata ruwan birnin Kirra lokacin da aka yi masa ƙawanya, kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai ɗacinta da zafinta a baki kan sa yaro ko dabba su tofar tun ba su ci da yawa ba, barewa da zomo ma ƙyale ta suke yi. Ba sai kin tumɓuke ba, Hajiya. Ki mayar da ita can bayan lambu, nesa da inda yara ke wasa, ki yanke furen kafin ya zubar da 'ya'ya. Ki sa safar hannu in za ki yi yanka ko tsintar iri, domin ruwanta na sa yatsu su yi zafi su ɗuri ruwa. Wanda ya ci, a kira layin ba da agajin guba ko a kai shi asibiti tare da guntun shukar, kada a tsaya ana ba shi manja ko madara. Muna kuma roƙon dattawan da ke zuwa ziyara daga gida: kada a ga baƙar saiwa a ce a jiƙa ta a gwada.

Da na yanko furen na sa a kwalba, kafin magariba ya sunkuya. Akwai dabara? Daga wata ɗaliba a Hamburg, Jamus.

Kin yanke shi da ƙuruciya ne. Abin da muke kira furen helebo, ganyaye biyar ɗin nan masu launi, a gaskiya rigar fure ce, shi ya sa suke wata biyu ko uku ba su zube ba, sai dai su koma kore. Ki leƙa tsakiyarsa. In har 'yan zaren nan masu rawayan kai suna nan, bai isa yanka ba. Ki jira su kaɗe, kwanson iri ya fara kumbura, a lokacin karan ya yi ƙwari kuma zai yi mako ɗaya ko fiye a ruwa. In kin matsu da sabon buɗewa, ki tsaga fatar karan da bakin reza a tsaye, tsawon santimita 5 zuwa 8, ki tsoma ƙarshensa cikin ruwan zafi na daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ki nutsa shi har wuya cikin ruwan sanyi ya kwana a wuri mai sanyi. Hanya mafi sauƙi kuwa, ki tsinke kawunan da ɗan guntun kara kamar santimita 1, ki jera su a faffaɗan kwano mai ruwa suna kallon sama. Dama a lambu ƙasa suke kallo, sai a kwanon za ki ga ɗigo-ɗigon da ke cikinsu. Ki riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu, kwanon kuma ya yi nesa da hita da hannun yara.